Ustaz Alif

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Ihsan ta kare bincikenta a jami'a ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, kuma ban gama tantance wanda nake fushi da shi ba: yarinyar ce, daktan nan mai furfura ne, Idris ne, ko bakina ne. Yawanci dai a kan bakina maganar take ƙarewa.

Ihsan 'yar ƙanwata Maryama ce. A gidana ta yi rabin ƙuruciyarta. Da ta samu shiga jami'a a nan Gadarif ta ce ita ilimin halayyar ɗan Adam za ta karanta, uwarta ta ce sam, likitanci ko a fasa. Ni na tsaya wa yarinyar har aka bar ta. (Da na sani da na goyi bayan uwar. Likita in ya gano ciwonka, a ɗaki yake gaya maka, ƙofa a rufe.)

Idris kuwa abokina ne tun muna yara. Da muka girma muka haɗa hannu muka kama gona ɗaya a wajen Doka, ɓangare dawa, ɓangare riɗi. Mutum ne dogo, siriri, mai magana a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake. In ka tambaye shi abu sai ya dubi ƙasa, ya ja numfashi, ya ce, "To, ai ni a ganina..." Ni kuma da na san shi ciki da waje, na san inda zai dosa, sai in ƙarasa masa don kada ya wahala. Wallahi a matsayin taimako na ɗauki abin. Ba mu taɓa yin faɗa ba, kuma wannan magana babu inda ban faɗe ta ba: a ƙofar masallaci, a wurin mai jabana inda muke shan gahawa, har a zaman makoki. Ga shi ni ake kira a unguwa in maƙwabta sun saɓa. In na fara jawabin sulhu, kafin in kai ƙarshe kowa ya yi laushi ya ce ya yafe. A lokacin na ɗauka hikimata ce ke aiki. Yanzu na fi zaton yunwa ce da ciwon ƙugu.

A daminar shekararta ta ƙarshe Ihsan ta same mu a gona, takalmanta duk baƙar laka. Ta ce, "Kawu, bincike nake yi a kan mutanen da suka daɗe suna aiki tare. Ina so in ga yadda halin kowa da yadda suke magana da juna ke ɗorar da zumuncin ko ya ci shi. Kai da Ammu Idris za ku yarda ku shiga?" (Ammu shi ne baffa da Larabci.)

Na ce, "Mun yarda."

Ta ce, "Kawu, shi ma sai ya faɗa da bakinsa."

Idris ya dubi ƙasa, ya ce ba komai. Ta kife kwano a ƙarƙashin rumfa, ta ɗora wayarta a kai tana ɗaukar murya, ta ce mu tattauna kamar ba ta nan: a yanke riɗi a makon nan ko a jira? Muka tattauna sosai. Na tuna na tashi daga zaman nan ina jin daɗin yadda muka fahimci juna. Daga nan ta keɓe kowannenmu shi kaɗai. Ta tambaye ni yadda nake ganin halina, na ce mata ni mutum ne mai haƙuri, mai sauraron mutane, aibina ɗaya shi ne tausayi ya yi mini yawa. Ta ce za ta ɓoye sunayen duk waɗanda ta zanta da su. Na ce a kan me? Ta rubuta nawa da manyan baƙaƙe, matasa su yi koyi. Ta yi dariya wadda ban gane irinta ba sai daga baya. Zamanta da Idris ya fi nawa daɗewa nesa ba kusa ba, har na yi mamakin abin da take samu a bakin mutumin da ba ya magana.

Ta ci gaba da yawonta. Ta je Gadambaliya wurin masu aikin gona, ta zanta da mata masu shayi a kasuwa, da direbobin lori da yaransu. Ni na manta da batun.

Da ranar kare binciken ta matso, ta zo gida ta ce, "Kawu, ba sai ka zo ba. Zaman ƙarami ne, ga zafi, kuma akwai wani abu da..."

Na ce, "Kunya kike ji, na sani. Wa ya tsaya miki kika karanta wannan ilimi? Zan zo, kuma ba ni kaɗai ba."

Na sa farar jallabiyata ta Idi, na naɗa rawani, na fesa turare har matata ta yi atishawa. Na sayi alawa da dabino katan guda, na ɗauki hayar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, na loda maƙwabta a baya. Muka biya ta gidan Idris. Ya fito da tsohuwar riga, ya ce, "To, ai ni yau..." Na ce, "Yau ba ka da aikin komai, sa riga ka hau."

Zauren ya cika maƙil. Tun da yaƙi ya koro mutanen Khartum zuwa garin nan babu wurin da ba cunkoso, har jami'a. Fanka tana juyawa amma iskar ba ta sauko mana. A gaba malamai uku ne a kan tebur, babbansu wani dakta mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci, an ce shi ma gudun yaƙin ne ya kawo shi. Na ja Idris muka zauna a layi na biyu. Da Ihsan ta ɗago ta gan mu, ni da shi kafaɗa da kafaɗa, sai fuskarta ta canza kamar an watsa mata ruwa. Na ɗaga mata hannu don ta samu ƙarfin gwiwa.

Ta fara da Larabci mai kyau. Ta ce hali shi kaɗai ba ya yanke wa zumunci hukunci, sai an duba abin da ke faruwa in hali ya gamu da hali. Mai surutu da mai shiru suna iya daɗewa tare, kowa yana cike giɓin ɗan'uwansa. Amma in mai surutu ya saba ɗaukar shirun abokinsa a matsayin amincewa, zumuncin zai yi kyau a idon mutane alhali ɗaya ne kawai ke cikinsa. Na gyaɗa kai, na juya ina duban maƙwabtana don su ga 'yar wa ke magana.

Sai ta ce za ta kawo misali. Wasu 'yan kasuwa ne biyu, ta ce, ta kira su Alif da Ba. ('Yan kasuwa fa ta ce. Ku riƙe wannan. Da manoma ta ce wataƙila da na farga. Wataƙila.) Alif shi ke riƙe da kusan duk hirar. In aka tambayi Ba, Alif ne ke amsawa. Da aka tambayi Alif halinsa, ya ce shi mai haƙuri ne, mai sauraro. Zauren ya yi 'yar dariya, ni ma na yi. Sannan ta karanto abin da Ba ya faɗa da aka keɓe shi.

"Na daina kawo shawara tun da daɗewa. In na fara, kafin in kai tsakiya ya riga ya amsa abin da ban faɗa ba."

Ta ci gaba da karantawa.

"Ranar da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti na je in gaya masa. Na zauna har na tashi ban samu wurin sa baki ba."

Na zunguri Idris da gwiwar hannu, na ce, "Ka ji azzalumi?" Idris gumi yake yi, idonsa a kan takalminsa. Na ce a raina zafin zauren ne.

"Da na tambayi Ba abin da ya sa bai rabu da Alif ba," in ji Ihsan, muryarta ta yi ƙasa sosai, "sai ya ce, mutumin kirki ne. Zai ba ka rigar jikinsa. Kunnensa ne ba zai ba ka ba. Ina so in ware in yi nawa, amma na rasa ranar da zan faɗa."

Daktan mai furfura ya gyara tabarau ya buɗe baki zai yi tambaya. Bai samu yi ba, don na riga na miƙe.

Ku gane, a irin wannan zama ba a ba 'yan kallo damar magana. Na san haka. Maryama daga ɓangaren mata tana ta yi mini alama da gefen mayafinta, na ɗauka gaisuwa ce. Jinina ne ke tafasa saboda bawan Allahn nan Ba, wanda ban san shi ba amma na ji kamar ɗan'uwana ne. Na fara da Larabci, da zuciya ta ɗebe ni na koma Hausa, na sake dawowa Larabci.

Na ce, "Ya jama'a, ku yi mini afuwa, amma wannan Alif ba bincike yake buƙata ba, bulala yake buƙata! Wane irin aboki ne wannan? Uwar mutum tana kwance a asibiti kai kana ta zuba kamar rediyo? Sannan ka buɗe baki ka ce kai mai sauraro ne? Ya binti, 'yata, ba ni sunansa! Ni aikina ke nan a unguwa, yau ɗin nan zan je in zaunar da shi in gaya masa gaskiya!"

Daktan ya ce, "Ya hajj, in ka yarda..."

Na ce, "Bari in gama, ya dakta! Ga misalin abota nan a gabanku. Ni da wannan mutumin tun muna yara muke tare. Idris, tashi su gan ka." Na kamo hannunsa na ɗaga shi. "Gaya musu. Na taɓa tare maka magana ko sau ɗaya?"

Idris ya dubi ƙasa. Ya ja numfashi. Ya ce, "To, ai ni a ganina..."

Na ce, "Kun ji ko? Ya ce ban taɓa ba!"

Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan fanka. Sai wata ɗaliba a baya ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata ta hanci. Daga nan kamar an ɓalle madatsar ruwa. Maƙwabtan da na ɗauko da boksi, da katan ɗin alawata a cinyarsu, su suka fi kowa. Daktan bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya goge su da gefen riga, ya ce a hankali, "Shukran. Tafaddal, zauna, ya Ustaz Alif."

Kun san abin da na yi? Na waiwaya. Wallahi tallahi na juya baya ina neman Alif a cikin jama'a, ina cewa ashe ɗan banzan yana nan. Sai da na ga duk idanun zauren a kaina suke, na ga Ihsan ta rufe fuska da takardunta, na ga Maryama ta ja mayafi har kan hanci, sannan abin ya sauko mini daga rawani har tafin ƙafa. Na tuna ciwon mahaifiyar Idris. A bakin wasu na ji an kwantar da ita, kuma da na je asibitin faɗa na yi masa a gaban 'yan'uwansa don bai sanar da ni ba.

Ban san yadda na zauna ba.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Daktan ya juya kan Ihsan, fuskarsa ba wasa. Ya tambaye ta ko ni ɗan'uwanta ne. Ta ce kawunta ne. Ya ce me ya sa ta sa danginta a bincike, kuma ta san amanar wanda ya buɗe mata cikinsa ita ce gaba da komai a wannan ilimi? Ga shi yanzu duk zauren ya san waye Ba, ya san sirrinsa. Yarinyar ta tsaya hawaye na zuba, aikin shekaru yana neman rushewa a gabanta, kuma ni na kawo gatarin da hannuna, na fesa masa turare.

Sai Idris ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Daktan ya ce, "Tafaddal, bismillah." Kuma ya jira. Duk zauren ya jira. Ban taɓa sanin shiru yana da tsawo haka ba. Bakina har motsi yake yi shi kaɗai.

Idris ya ce, "Yarinyar ba ta da laifi. Ta karanta mini abin da za ta faɗa, na ce ta faɗa. Ta canza mana sana'a don kada a gane. Ta roƙi kawunta kada ya zo." Ya ja numfashi. "Ni ma na so in ce kada mu zo."

An fitar da mu waje malamai suka yi shawara. Ihsan ta ci, amma an rage mata daraja, aka kuma ce ta cire wannan babi ta sake shi da wasu mutane. Ba wanda ya yi guɗa. Alawata ta narke a cikin katan. Ban hau boksin da na ɗauko ba, a ƙafa na tafi gida cikin rana, rawanina a hannu.

Kada ku ɗauka nadama na yi a ranar. Fushi na yi, irin wanda ke hana cin abinci. Na yi fushi da daktan: mutum ya zo garinmu baƙo, mun karɓe shi, ya raɗa mini suna a gaban jama'a. (Kuma sunan ya bi ni. Har mai jabana yanzu in ta hango ni sai ta ce, "Ustaz Alif, da citta ko babu?") Na yi fushi da maƙwabta. Washegari na tafi gidan Maryama na tsaya a tsakar gida ina ɗaga murya, ina cewa yarinyar da na rena ita ce ta tsiraita ni a bainar jama'a.

Ihsan ta fito, idanunta a kumbure. Ta ce, "Kawu, na ce maka kada ka zo."

Na ce, "Kin faɗa, amma kin gaya mini dalili?"

Ta ce, "Na fara."

Sai na ce shayinsu ma ba shi da daɗi, na fita. Ko shayin ba a kawo mini ba.

Idris kuwa na ƙaurace masa har aka fara yankan dawa, abin da ya tilasta mana haɗuwa. Na same shi a ƙofar gidansa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Na taho da jawabina a shirye tun daga gida: cin amana, kai ƙara wurin yarinya ƙarama, abin da za a ce da ni a gari. Na fara ke nan ya ɗaga tafin hannu a gaban fuskata. Tun da muke bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Yau ni zan yi magana. In ka katse ni zan shiga gida, kuma ba zan sake fitowa dominka ba."

Na zauna a kan benci. Na cusa gefen rawanina a baki na cije, don na san kaina.

Ya yi magana a hankali, da tsayawa, da jan numfashi. Ya faɗi zancen mahaifiyarsa, yadda ya fita daga gidana ran nan ya tsaya a bakin titi yana kuka, ni kuma ina ciki ina ba shi labarin tarakta ta taga. Ya faɗi shekarar da ya so mu bar wani ɓangaren gonar ya huta, na ce ai shi ma ya yarda a shuka. Ya ce akwai lokacin da ya so ya tafi aikin Hajji da ƙaninsa, na sanar wa mutane cewa ni da shi mun ɗaga sai baɗi. Ya ce bai taɓa son gahawa da citta ba, ƙwannafi take sa shi, amma kullum ni ke cewa a kawo biyu da citta. Wannan ta cittar ta fi yi mini ciwo, ban san dalili ba.

Ya yi shiru. Na zare rawani daga baki na ce, "Ka gama?"

Ya ce, "Ban gama ba."

Na mayar.

Ya ce ba ya gaba da ni, kuma ba zai taɓa yi ba. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, don shiru ya fi masa sauƙi, sai ya ɓuya a cikinsa ya bar ni ina ta haukana. Amma yana so bayan girbi mu raba gonar, ya ga yadda noma yake in mutum ya yanke shawara da kansa, ko da zai yi kuskure.

Mun raba. Na so in ce muku gonarsa ta lalace ya dawo yana ba ni haƙuri, ko kuma ta fi tawa albarka in samu abin yin wa'azi. Ko ɗaya bai faru ba. Dawarsa kamar tawa, ruwan sama ɗaya ke dukanmu. Abin da ya canza shi ne zamanmu. Ashe mutumin nan yana da ra'ayi a kan komai: ƙwallo, siyasa, irin takin da ya dace, har yadda nake naɗa rawani. Kuma rabin ra'ayoyin shirme ne tsantsa, sai in zauna ina sauraro ina haɗiyar zuciya har ya kai aya, sannan in ƙaryata shi. Ihsan yanzu tana aiki a sansanin Um Rakuba, tana zama da mutanen da suka gudo daga ƙasarsu tana jin abin da ke ransu. Mun shirya, ko da yake har yau in ta ajiye wayarta kusa da ni sai na ce ta mayar jaka.

Kwanaki, ina jin kaina sabon mutum, na dawo gida da azahar na tarar da matata tana shara. Na ce mata, cikin murya irin ta masu ilimi, ko ita ma akwai abin da ta daɗe tana son gaya mini ba ta samu dama ba. Ta dube ni. Ta jingine tsintsiya a bango, ta sauke tukunya daga kan wuta, ta jawo kujera ta zauna.

Abin da na koya dai shi ne, tambayar tana da kyau, kuma ya kamata kowane mai baki irin nawa ya yi ta. Amma don Allah ka ci abinci tukuna.